Turmi Goma Sha Biyu Tsakanin Kano Da Maraɗi

Bayan ƙaramar Sallah ta 2025 Allah Ya nufe ni da zuwa Maraɗi sunan jikar gwaggonmu, ni da ƙanena, kuma tun kafin mu tashi aka ɗora mini wani aikin da ya fi sunan nauyi. Ƙanwata da ke bi na, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara uku, tana ɗinka hijabai tana kuma saro atamfa a Kantin Kwari, ta ɗauki hoto ta sa a WhatsApp, masu so su yi mata magana. Da haka take ciyar da marayunta. Wata Hajiya a Maraɗi ta ga kayan ta wajen wata 'yar'uwarmu, ta zaɓi turmi goma sha biyu da hijabai na lefen ɗanta, ta turo rabin kuɗi, aka ɗaure kaya aka kai tasha aka ba direba. Bayan kwana biyu direba ya bugo ya ce ya biya kuɗin duwan daga aljihunsa, kaya na nan a ajiye, ba mai taɓa su sai an biya shi. Hajiya ta ce ita ta saya ne a kawo mata har gida. Ƙanwata ta ce ita kuɗin mota kawai ta lissafa. Biki saura mako biyu, jarin kuwa kwasar adashi ce da ta yi wata goma tana zubi.

Ta ce mini, "Yaya, tunda za ki, don Allah ki je ki gan ta. Ke malama ce, za ta ji maganarki." Na amsa, amma a raina na san koyar da Ahalari daban, sulhun 'yan kasuwa daban.

Mun bar Kano da sassafe don mu wuce yankin Jibiya da rana tsaka, saboda kowa ya san halin da wannan hanya ta shiga a shekarun nan. Daga Katsina zuwa Jibiya tafiya ce gajera, daga nan sai Magama, inda Najeriya ta ƙare. Wadda ba ta taɓa zuwa ba za ta zaci wata katanga ce ko wani kogi. Gonakin gero ne hagu da dama, ƙasa iri ɗaya, mata masu tallar fura iri ɗaya, sai sanda a gicciye da tuta. Aka duba takardunmu, muka ƙarasa Ɗan Isa, inda duwan na Nijar suke, wato kwastan a bakin mutanen can. A nan na fara fahimtar abin da ya sami ƙanwata, domin mun fi awa ɗaya a tsaye ana sauke kayan da ke bayan motarmu ana buɗewa. Kusan rabinsu ba su da mai su a cikin motar. Saƙonni ne, kowanne da suna da lambar waya a rubuce a jikin buhu, direba ne uwa da uba a kansu.

Wani dattijo da ke zaune kusa da ƙanena, wanda ya ce ya tsufa a wannan hanya, shi ya yi mana karatun da ban samu a kwaleji ba, na kuma ƙara bincikawa bayan na dawo. Ƙasashen ECOWAS sun fara aiki da tsarin haraji na bai ɗaya a kan kayan waje a 2015, mai hawa biyar: sifiri, kashi 5, kashi 10, kashi 20 da kashi 35 cikin ɗari. Kayan da aka gama sarrafawa don amfanin jama'a yawanci suna can sama. Harajin kuma a kan jimillar kuɗin kaya da kuɗin dakonsu ake lissafa shi, sannan a ɗora harajin VAT, wanda a Najeriya ya koma kashi 7.5 a 2020, a Nijar kuwa kashi 19 ne. Akwai yarjejeniyar da ta yafe haraji ga kayan da aka noma ko aka ƙera a cikin yankin, to amma atamfar da aka buga a Sin ba ta zama 'yar Najeriya don ta kwana a Kwari. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne da dattijon ya ce shekara da shekaru ta Kwatano da Maraɗi atamfa mai yawa take bi ta shiga Kano, saboda haka ba mamaki wasu daga turamen ƙanwata gida suka koma, ana karɓar kuɗi a kansu zuwa da dawowa.

Ita kanta iyakar ba ta da tabbas. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, aka buɗe huɗu a Disambar 2020, ciki har da Illela da Maigatari, Jibiya kuwa sai a Afrilun 2022. Ba a daɗe ba sojoji suka karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. A ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar, a watan Maris na shekarar kuma suka sanar da harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ke shigo musu daga wajen ƙawancensu. Mu mata muna jin waɗannan a rediyo muna tuƙa tuwo, muna ganin maganar manya ce. Ashe duk ranar da aka rufe sandar nan kaya daji suke bi a kan babura, hannun 'yan fito, kuɗin dako ya ninka, in kuma aka kama ba wanda za ki kai wa ƙara.

Daga Ɗan Isa zuwa Maraɗi ba nisa. Gari ne shimfiɗaɗɗe mai faɗin tituna da itatuwan dalbejiya, 'yan kabu-kabu ko'ina. Tsarin titunan yana da dalili: ambaliyar Gulbin Maraɗi ta cinye tsohon garin a 1945, aka tayar da mutane zuwa kan tudu aka yanka sabon gari layi-layi. Asalin sarautar kuwa ta Katsinawan da suka bar Katsina ce bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Hausarsu ma ta Katsina ce da ɗan gishirin Faransanci, ana gaishe ki a ce "lahiya lau", yara na tafiya lakwal. Alhazan garin sun daɗe da yin suna, tun zamanin cinikin gyaɗa, kuma dukiyarsu da yawa a kan wannan iyaka aka tara ta.

Na sha kunya a kasuwa. Na taya cuku, yarinya ta ce dala ɗari, na tsaya ina kallonta ina tunanin kuɗin Amurka, sai 'yar gwaggo ta fashe da dariya. Dala a can sefa biyar ce, dala ɗari ke nan sefa 500, jaka ɗaya kuma sefa 1,000. Wannan ƙaramin ruɗani ne. Babban shi ne canji. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi, naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 farashinta na iya sauyawa tsakanin ranar ciniki da ranar biya. Mai saye a Maraɗi takan kai sefa wajen ɗan canji, shi kuma ya sa abokin hulɗarsa a Najeriya ya tura naira a asusun mai kaya, kowa ya cire ladansa. Wadda ba ta faɗi da wane kuɗi aka yi ciniki ba, da kuma wa zai ɗauki ladan canji, ta bar wata ƙofar rigima a buɗe.

Washegarin suna muka je gidan Hajiya. Na shiga da shirin haɗuwa da mace mai faɗa, sai na tarar da dattijuwa mai kunya wadda ita ma hankalinta a tashe yake, dangin amarya sun fara aiko da tambaya. Ta ce, "Malama, wallahi ba kuɗin ne ba, na ɗauka an cuce ni." Ta nuno mini maganganunsu a waya, muka saurari saƙonnin murya ɗaya bayan ɗaya. An yi maganar launi, an yi maganar zane, an yi addu'a mai yawa, har an gaisa da yara. Inda ƙanwata ta ce "za a kawo miki" yana nan, inda ta ce "kuɗin mota a kaina" yana nan. Kuɗin duwan babu wadda ta ambata, kowacce ta cike gurbin da abin da ya yi mata daɗi. Na tuna sau nawa na karantar da matan aure a ajinmu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, ga shi a gidanmu an saki dukiyar marayu a kan "ba komai, Hajiya".

Muka ɗunguma zuwa tasha da ƙanena da ɗan Hajiya. Kayan na nan a ɗakin ajiya, ɗaurinsu bai taɓu ba, kuma a nan zan yi wa direban adalci, bai ci amana ba. Matsalar ita ce takardar da ya nuna ta kayan motar ce gaba ɗaya, shi ya kasa wa kowane saƙo rabonsa da ido, ya haɗa da abin da ya ce ya kashe a shingayen hanya, wanda ba shi da takarda kuma ba zai taɓa samu ba. Wannan bai kwanta mini ba, na kuma gaya masa. Aka yi ta ja har shugaban 'yan kamasho ya sa baki, direba ya rage, abin da ya saura aka raba biyu tsakanin Hajiya da ƙanwata. Da na lissafa mata a waya, kuɗin ɗauri, kuɗin mota, rabin duwan, ladan ɗan canji, katin da ta ƙona a kwanakin nan, ribar turmi goma sha biyu ba ta kai ta turmi biyu ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Uwar kuɗin dai ta dawo ko, Yaya?" Na ce ta dawo.

A hanyar komawa mun ga wuraren da ake aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Wani fasinja ya ce in ya fara aiki dako zai yi sauƙi, direbanmu ya ce jirgi ba ya kai saƙo ƙofar gida. Ni ina ta riƙon ledar cuku da kilishin da Hajiya ta ba ni in kai wa yaran.

Yanzu duk wadda ta yi wa ƙanwata magana daga ƙetare, kafin a ɗaure kaya sai ta tura mata rubutaccen saƙo mai farashi biyu, na Kano da na Maraɗi, da sunan kuɗin da za a biya, da wanda zai ɗauki duwan, sai an amsa da "na yarda". Ta kuma daina aika saƙo ɗai-ɗai, tana tara na mutum uku ko huɗu ta ba direba ɗaya da ta sani. Hajiya ta sake aikowa kafin babbar Sallah, hijabai shida na jikoki, ta ce a sa mata farashin Maraɗi.