Darasin da na koya wajen tura fim ɗina bikin baje-koli

Mai karatu, idan kai ma kana cikin masu zama a majalisa suna cewa, "Wai me ya hana 'yan fim ɗinmu kai finafinansu gasar ƙasashen waje?", to matso kusa ka ji. Ni ma na sha yin wannan tambaya, har da ɗaga murya da buga benci. A zatona rashin zuciya ne kawai ke damun furodusoshinmu. Sai da na gwada da kaina na gane cewa rashin sani ya fi dare duhu.

A 2023 na shirya wani gajeren fim. Ba ni da jarumi mai suna, ba ni da uban gida a industiri. Babur ɗina na sayar, na haɗa da kuɗin adashen mai ɗakina, wanda ta ba ni bisa alƙawarin zan mayar kafin ƙaramar salla. Kwana biyar muka yi a lokeshin, a wani ƙauye da ke bayan gari, da kyamarar haya guda ɗaya da janareto mai tari kamar tsohon mashayin taba.

Labarin ba shi da wani tsawo. Wata uwa ce da ɗanta na fari. Ka san al'adarmu: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wata ma ko kallonsa ba ta yi ido da ido. Yaron ya shirya tafiya cirani Kudu. Da asuba ya ɗauki jakarsa, ta biyo shi har bakin zaure da ƙullin ƙuli-ƙuli a hannu. Ta buɗe baki za ta kira shi, ta kasa. Sai ta ƙwalla wa ƙaninsa kira, ta ce, "Ungo, kai wa wancan." A nan fim ya ƙare.

Ba sai na ɓoye maka ba, ni ɗan fari ne. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Yaron nan" ne, ko "wancan", ko kuma ta aiko ƙanwata. Saboda haka wannan fim ba don kasuwa na yi shi ba. Wata magana ce da ta daɗe tana ci na a rai.

Abin da ya zuga ni kuwa shi ne ganin 'yan ƙasarmu na ciyo kyaututtuka a waje. A 2021 gajeren fim ɗin Akinola Davies, Lizard, ya ci babbar kyautar gajerun finafinai a bikin Sundance na Amurka, wanda shi ne uban tafiya a bukukuwan finafinai masu zaman kansu, wato waɗanda ba manyan kamfanonin Hollywood suka ɗauki nauyinsu ba. A 2023 kuma Mami Wata na C.J. Obasi, fim ɗin da aka ɗauka da baƙi da fari, ya samu kyautar ɗaukar hoto a can. Na ce to, in dai su za su iya, me zai hana ɗan Bahaushe? Balle ma ba yau muka fara ba. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, an gyara shi an nuna a bikin Berlin a 2018. Maƙwabcinmu Oumarou Ganda na Nijar shi ne ya fara ɗaukar babbar kyautar FESPACO ta Wagadugu a 1972.

Da can, a zamanin kaset, akwai uzuri. FESPACO, wanda aka fara a 1969, ya daɗe ba ya karɓar fim a babbar gasarsa sai wanda aka buga a kan silima mai milimita 35, kuma ba mai wannan kuɗin a Kano. Sai a 2015 suka buɗe ƙofa ga na dijital. Yau kuwa ko ambulan ba ka buƙata. Akwai dandali irin su FilmFreeway inda za ka ɗora fim ɗinka sau ɗaya, ka rubuta taƙaitaccen labarinsa da tarihinka, ka sa hotuna da fosta, sannan ka riƙa zaɓen bukukuwa kamar mai zaɓen atamfa a Kantin Kwari. Da na ga haka na ce ashe abin ma banza ne.

Cikas na farko kuɗi ne. Kusan kowane biki sai ka biya kuɗin shiga, da dala, kuma ba a mayarwa ko an ɗauki fim ko ba a ɗauka ba. Suna da wa'adi hawa-hawa: wanda ya tura da wuri ya biya kaɗan, wanda ya makara ya biya ninki. Ni kuwa, kamar kowane ɗan Nijeriya, sai da wa'adi ya zo wuya na farka. A lokacin dala ta haura naira 1,000 a Wapa, kuma katunan bankinmu na naira sun daina aiki a waje, matsalar da sai a 2025 aka fara samun sauƙinta. Sai da na roƙi wani abokina da ke karatu a Malesiya ya biya min, ni kuma na kai wa mahaifiyarsa kuɗin a hannu. Daga baya ne na ji cewa wasu bukukuwan sukan yafe wa 'yan ƙasashe irin namu kuɗin, idan ka rubuta musu cikin ladabi tun da wuri. Ba wanda ya gaya min sai bayan aljihu ya riga ya huje.

Cikas na biyu ni na jawo wa kaina. Ana gama editin, zumuɗi ya sa na ɗora fim ɗin gaba ɗaya a YouTube don abokai su gani su yaba. Ashe bukukuwa da yawa suna son a ce a wajensu aka fara ganin fim, ko a duniya, ko a nahiyarsu, ko a ƙasarsu. Amarya suke so, ba bazawara ba. Wasu sukan sassauta wa gajerun finafinai, wasu ko kusa. Na sauke shi da sauri, amma a fom ɗin akwai tambayar ko an taɓa nuna shi a fili, kuma ban iya ƙarya ba. Nan take bukukuwa uku da na sa wa rai suka fita daga lissafi.

Na uku shi ne kiɗa. Ka san halinmu. Tun zamanin Sangaya fim ɗin Hausa ba ya cika sai da waƙa, kuma ba ma jin nauyin ɗauko karin waƙar Indiya mu ɗora mata baitocin Hausa. Ni ma na sa guda biyu, ɗaya a kan karin wani tsohon fim ɗin Indiya da nake so tun ina yaro. To a takardar sharuɗɗa sai ka sa hannu cewa duk wani sauti da ke cikin fim ɗin naka ne, ko kana da rubutaccen izinin mai shi. Ina zan ga mai shi? Dole na cire su duka. Na nemo wani dattijo mai gurmi ya kaɗa min, na biya shi, muka rubuta yarjejeniya ya dangwala yatsa. Yana ta dariya, wai shekara arba'in yana kiɗa ba a taɓa neman izininsa da takarda ba. Fim ya sauko daga minti 24 zuwa 15. Na ji zafin abin a lokacin, amma daga baya na fahimci alheri ne, domin masu tsara biki sukan jera gajerun finafinai biyar ko shida a zama ɗaya, kuma mai tsawo shi ke cinye gurbin mutum biyu.

Duk waɗannan masu sauƙi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne fassara.

Ka sha ganin irin Turancin da ake rubutawa a ƙasan finafinanmu, wanda ko mai Turancin sai ya nemi tafinta. Na rantse ba zan yi irinsa ba. Na samu wani malamin jami'a, muka zauna dare uku muna bin magana ɗaya-ɗaya: layi biyu kacal a allo, kuma ya daɗe yadda ido zai karanta. Komai ya tafi daidai sai da muka zo zaure. "Ungo, kai wa wancan." Malam ya ajiye biro ya ce, "In na fassara wannan yadda yake, Bature zai ɗauka ta tsani yaron ne." Muka juya, muka juya. Kunya, kara, kawaici, alkunya: kowacce muka ɗauko sai mu ga rigar Turanci ta yi mata kaɗan. Abin da Bahaushe zai gani ya share hawaye, baƙo zai gani ya ce wannan wace irin muguwar uwa ce?

Sai na tura wa wani ɗan'uwanmu da ya daɗe a Turai yana harkar fim, don ya ba ni shawara. Ya yaba hoto, ya yaba wasan dattijuwar. Sannan ya ce abu biyu. Na ɗaya, in nuna cewa rikici ne ya kori yaron daga ƙauye, domin da an ce Arewacin Nijeriya abin da alƙalai ke jiran gani ke nan. Na biyu, in bar uwar ta kira sunan ɗanta a ƙarshe. Ya ce, "Nan ne za su yi kuka. Shekara ashirin ba ta faɗa ba, yau ta faɗa."

Ta farko ban ko saurare ta ba. Yaron nan neman kuɗi ya tafi, kamar dubban 'yan'uwansa. Amma ta biyu, mai karatu, ta shige ni. Ga bashin mai ɗakina, ga salla ta wuce, ga babu babur. Kuma can cikin zuciyata, wa ya fi ni son jin wannan kira? Na ɗauko dattijuwar muka shiga situdiyo. Sau uku tana cewa, "Ɗan nan, anya kuwa?" Na ce, "Baba, wasa ne, ki faɗa kawai." Ta faɗa. Edita ya ɗora muryar a daidai inda ta juya wa kyamara baya. Wannan kwafin na tura wa bukukuwa biyar.

Daga nan sai jira. Wata uku, wata huɗu, kullum ina duba waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Amsoshin suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, duk kusan kalma guda: mun gode, bana mun samu finafinai masu yawa, muna yi maka fatan alheri. Ba dalili, ba gyara. Kuma kada ka ce wulaƙanci ne. Sundance kaɗai a 2023 ta karɓi gajerun finafinai sama da 10,000, ta zaɓi ƙasa da 100. Allura ce cikin ruwa.

Ana cikin haka, wata Juma'a na je gaida Inna. Ashe ƙanwata tana da wancan kwafin a wayarta, ta kunna mata. Ina tsakar gida ina alwala, ina jin sautin gurmi daga ɗaki. Aka zo wajen kiran. Shiru ya ɗan biyo baya. Sai na ji Inna ta ce wa ƙanwata, da muryar da ta tabbata zan ji, "Wannan ai ba ita ta haife shi ba. Riƙonsa aka ba ta."

Wallahi ban san lokacin da butar ta ƙare a hannuna ba. Shekara da shekaru ina ɗauka akwai wani abu da Inna ta hana ni. A ranar na gane cewa a wajenta rashin kiran nan shi ne shaidar haihuwa. Duk wata mata a unguwa tana iya kiran sunana. Ita kaɗai ce ba za ta iya ba. Na koma gida na goge wancan kwafin.

Sauran kuɗin da ke hannuna na biki biyu ne. Na tura musu na asali, da fassarar Malam yadda take, sai layi ɗaya da na ƙara a taƙaitaccen labari game da al'adar ɗan fari. Ɗaya ya ƙi. Ɗayan, wani ƙaramin biki a wani gari na Turai da sai da na duba taswira na san da shi, ya ɗauka. Ba zan ce maka don na dawo kan gaskiya suka ɗauka ba. Mai yiwuwa gurbin minti 15 suke da shi, mai yiwuwa ba su da fim daga Afrika a shekarar. Allah ne masani.

Ban je ba. Sun aiko da takardar gayyata, amma ba sa biyan kuɗin jirgi, kuma maganar biza wani dogon labari ne. Sun nemi fim ɗin a tsarin da ake kira DCP, wanda injinan silima ke karantawa, shi ma sai da na biya aka juya min. Ban ci kyauta ba, ban samu ko kwabo ba. Abin da na samu shi ne 'yar alamar ganye da ake mannawa a fosta, da wasiƙa daga matar da ta tsara shirin. Ta ce bayan an kunna fitila wata tsohuwa 'yar asalin Indiya ta miƙe ta ce ita ta gane, domin mahaifiyarta har ta rasu ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba. Ka ji fa. Mun shekara muna aron karin waƙarsu, ashe abin da zai haɗa mu yana cikin zaurenmu.

To ɗan'uwa, in kana da niyya, ga abin da zan ce maka. Karanta sharuɗɗa kafin ka je lokeshin, ba bayan ka gama ba. Riƙe fim ɗinka kada ka sake shi don neman yabo. Sa kiɗanka na kanka, ka karɓi izini a rubuce. Kashe kuɗi a kan sauti da fassara ko da za ka rage na abinci. Fara da na kusa: akwai Zuma da Hukumar Finafinai ta Nijeriya ke shiryawa a Abuja, akwai AFRIFF da aka fara a 2010, akwai Wagadugu da mota ma za ta kai ka. Ka kuma bincika tarihin kowane biki, don akwai na bogi da ba su da ko allo, kuɗin shiga kawai suke tarawa. Harshenmu ba shi ne cikas ba: The Milkmaid a 2020 da Mai Martaba a 2024, waɗanda Nijeriya ta miƙa wa gasar Oscar, duk Hausa ake yi a cikinsu. Za a ba ka shawarwari iri-iri, wasu masu kyau ne ƙwarai, ka ɗauka. Amma kafin ka taɓa zuciyar labarinka, nuna wa wanda ka ɗauko labarin daga rayuwarsa.

Kuɗin adashe dai na biya, a hankali, cikin wata tara. Babur har yau ban mayar ba. Fostar mai ganye kuwa na kai wa Inna, ba ta ce komai ba. Sai ƙanwata ce ta gaya min tana ƙarƙashin katifarta, kuma duk baƙuwar da ta zo sai ta ɗauko ta nuna mata ta ce, "Aikin yaron nan ne."