Ƙofar Soro Ranar Sallah: Inda Riga Ke Faɗin Matsayin Mai Ita

Tun kafin a sauko daga Idi, filin Kangiwa da ke gaban Gidan Korau ya cika ya batse. Masu zoɓo da kunun aya sun kama gefe, yara sun ɗare katanga, masu hoto na yawo da kyamara a wuya suna neman ciniki. Kowa cewa yake dawaki ya zo kallo, amma in ka kasa kunne, rabin hirar Katsinawa a kan sutura take: wane hakimi ne ya sake alkyabba bana, naɗin wa ya fi zama, wa ya fito da rigar gado.

Hakimai na shigowa bi da bi, kowa da jama'arsa da makaɗansa. Ga Sarkin Pauwa na Ƙanƙara, ga Sarkin Yamma na Faskari. Wani dattijo da ya taso daga Mabai ya ga ina ta ɗaga waya, sai ya dafa ni ya ce, "Ɗana, fara duban kai kafin ka dubi doki." Da gaskiyarsa. Rawani mai kunne biyu na jinin sarauta ne. Amawalin da ya rufe baki alama ce ta wanda ba ya magana barkatai. Alkyabba kuwa ranar naɗi ake yafa wa mutum ita a fada, shi ya sa attajirin da ya fi hakimi kuɗi sau goma ba zai saka ta ya shigo filin nan ba.

Da wani mahayi ya ja linzami kusa da mu, na samu damar kallon rigarsa da kyau. Saƙi ce, baƙa mai ɗigon fari, an yi mata aikin aska takwas da zaren tsamiya. Asake sun zubo daga wuya zuwa aljihu a ɓangaren hagu, tambari ya naɗe a dama. Aikin hannu ne da ke cin watanni. A kansa ɗan Kura ne, rinin garin Kura ta Kano, wanda mabuga suka daka har yana walƙiya, shuninsa ya ɗan taɓa masa goshi. Wannan tabon ma ado ne.

Bayan an tashi, na bi ta shagunan cikin gari. Da wuya ka shiga uku ba ka tarar da hoton sarki a bango ba. Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, sai Usman Nagogo har 1981, sai Kabir Usman har 2008, sai Mai Martaba Abdulmumini Kabir Usman. A yawancin hotunan fuska kaɗan ake gani, sauran duk naɗi ne da alkyabba. Suturar ce ke gabatar da mutumin.

Dikko ya je Ingila a 1921 a kan hanyarsa ta zuwa aikin Hajji. Ingila ita ma ta daɗe da sanin wannan harka ta sutura. A 1537 mai zane Hans Holbein ya zana Sarki Henry na Takwas a tsaye, ƙafa a ware, kafaɗun rigarsa an cusa su sun yi faɗi, duwatsu masu tsada sun bi ƙirji. Zanen da aka yi wa 'yarsa Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya bayan nasarar da Ingila ta yi kan jiragen yaƙin Sifaniya a 1588 ya nuna ta cikin lu'ulu'u, hannunta bisa taswirar duniya. Ita ce kuma a 1574 ta fitar da shela da ta keɓe siliki mai launin shunayya da yadin zinariya ga gidan sarauta da manyan hakimanta. Har jakadan Maroko, Abdulwahid bin Mas'ud, da ya je Landan a 1600, an zana shi da farin rawani da baƙar alkyabba da takobi, shigar da ba za ta zama baƙuwa a Ƙofar Soro ba.

Bambancin shi ne Turawa sai da suka rubuta doka, masu kuɗi kuma suka yi ta karya ta. A Katsina ba takarda, idon jama'a ne ɗan doka.

Shingen ya fara sassautawa ta wajen masu hoto. Amare na yafa alkyabba ranar kamu, iyaye na naɗa wa yara rawani a ɗauke su, saurayi ya ɗinka gezna, mai hoto na ce masa, "Yallaɓai, a ɗan ɗage hannun riga bisa kafaɗa." Kafin Magariba hoton ya hau Facebook. Ba wanda ke hanawa, don kowa ya san iyakarsa hoto. Washegari a hawan Bariki, kowane hakimi zai bi layinsa ne yadda fada ta tsara, kuma wannan layin tela ba ya ɗinka shi.