Mu 'Yan Sahun Baya: Labarin Mai Bas Da Mai Ganga Daga Makango

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da wani yaro ya yi mana a wajen wani aure a Salaga. Mai sifina ya kafa manyan sifikunsa, ya buɗe kwamfuta, mata suna rawa, mu kuwa muna gefe muna shan ataya. Sai yaron nan ya durƙusa ya gaishe mu, ya ce, "Baba, wai da gaske ne ku 'yan ban ne a da?" Muka ce da gaske ne. Ya ce, "To a cikinku wa yake waƙa?" Muka ce babu. Ɗayanmu mai jitar bas ne, ɗayan kuma mai ganguna. Yaro ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe ku 'yan rakiya ne." Mun yi dariya, amma maganar ta kwana da mu. Shi ya sa muka ce bari mu ba da amsa a nan inda sauran 'ya'yan Zongo za su gani.

Mu biyu a Makango muka tashi, a bakin tafkin Volta, daura da Yeji. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya cika ya faɗaɗa, duk wanda ya biyo tsohuwar hanyar Kumasi zuwa Salaga da Tamale sai ya jira jirgin fito. Idan jirgi ya yi latti ko ya lalace, lorori sukan kwana a gaɓa. A cikinsu akwai motocin 'yan kwansat da 'yan ban masu yawon wasa daga Kudu zuwa Arewa. Muna yara mukan kewaye su, mu taya su sauke kaya, mu ɗebo musu ruwa, domin kawai a bar mu mu taɓa ganga. A nan muka fara ganin gangunan Turawa da ake kira jaz a ƙasar nan, mutum ɗaya yana kaɗa su da hannu biyu da ƙafa biyu. A nan kuma muka fara jin jita mai tsirkiya 4 wadda sautinta ba a kunne kaɗai yake tsayawa ba, har cikin ƙirji yake shiga.

Iyayenmu ba su so ba ko kaɗan. Mahaifin ɗayanmu falke ne mai fataucin goro, na ɗayan kuma malamin makarantar allo. A wurinsu kiɗa gado ne na makaɗa da maroƙa, wanda bai gada ba kuwa ya shiga, ɗan iska ne. Malam ya kira mu zaure ya ce, "Ku 'ya'yan nan, a Salaga Alhaji Umaru ya zauna ya karantar kafin ya koma Karachi, ku kuma abin da za ku ɗauka daga ƙasar nan shi ne gwangwani da waya?" Muka sunkuyar da kai muka ce, "Allah ya gafarta Malam, ba za mu sha giya ba, ba kuma za mu bar salla ba." Ya ce, "Zan gani." Wannan alkawari mun riƙe shi, ko da yake ba da sauƙi ba, domin yawancin wuraren wasa mashaya ce.

Mun shiga harkar a lokacin da masu ita suke fita. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 aka sa dokar hana fitar dare, ta daɗe har 1984, ga kuma yunwa da gobarar daji ta 1983. Wasan dare ya mutu. Kayan kiɗa da ake shigowa da su aka ɗora musu haraji mai nauyi. Manyan makaɗa wasu suka tafi Jamus da Ingila, wasu suka koma coci, masu sifina kuma suka cika filin da kaset. Namu kayan na wani ɗan kasuwa ne wanda ya dawo da su daga Ikko a korar 1983. Shi ne mai kaya, kuma ƙa'ida ita ce a fara cire kuɗin mota da na man janareto da rabon mai kaya, abin da ya rage mu 7 mu raba. Akwai daren da rabon kowa bai wuce kuɗin koko da ƙosai ba.

Bari mu faɗa muku yadda kayan suke. Jitar bas ɗin ƙirar Japan ce da aka kwaikwayi Fender, wuyanta ya ɗan lanƙwashe saboda zafi. Sabuwar tsirkiya sai an aika Kumasi ko Ankara, saboda haka idan sautinta ya dushe mukan kwance ta mu tafasa a tukunya, dauɗa da gumi su fita, ta dawo da murya na 'yan makonni. Amfilifaya ɗaya ce bas da mawaƙi suke rabawa. Takardar sifika idan ta yage, mai gyaran rediyo yakan liƙe ta da gam da ƙyalle. Gangunan kuwa fatar robarsu ta asali ta fashe tun da daɗewa, sai muka kai wa mai ɗaurin ganga ya sa fatar akuya. Fatar akuya tana da rai: a bakin ruwa da damina takan saki, sai an kanga ta a wuta kafin wasa, da hunturu kuma a Bawku takan ɗaure har mutum ya ji tsoron ta tsage. Fedar babbar ganga ta sha walda wajen makanikin babur fiye da yadda za mu iya ƙirgawa. Sanduna kafinta ke fere mana. Farantin tagulla da ya tsage, mukan huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar domin kada ta ci gaba.

Waƙoƙin da muke kaɗawa ba namu ba ne. A bakin makaɗan Ghana ana kiran irin wannan kiɗa kwafirayit, wato ka kwaikwayi abin da ke cikin faifai daidai yadda yake. Ba mu iya karatun rubutun kiɗa ba, kunne ne malaminmu. Mukan sa kaset, mu saurari gaɓa ɗaya, mu cire shi mu mayar da zaren baya da biro domin kada batir ya ƙare. Ƙaramar rediyo ba ta fitar da sautin bas, sai mu saka ta cikin tulu ko bokiti mu kafa kunne a baki. Haka muka koyi hailaif na Nana Ampadu, da rege na Bob Marley da Lucky Dube da Alpha Blondy, da kwasa-kwasa na Kanda Bongo Man, har da waƙoƙin finafinan Indiya domin matan Zongo. Daga baya muka gane cewa masu riƙe da kiɗan Bob Marley wa da ƙane ne, Aston Barrett a bas, Carlton Barrett a ganguna. Wannan ya faranta mana rai, domin mun ga ashe a can ma 'yan baya ne ginshiƙi. A salon da Carlton ya shahara da shi, ana barin bugu na farko babu nauyi, sai a na 3 ƙafa da sanda su sauka tare. Mun yi wata guda kafin ƙafa ta yarda ta bar wurin nan fayau.

Kowane gari da abin da yake so. A Salaga sai an fara da hailaif manya su taka, sannan samari su nemi rege. A Bawku, kusa da iyakar Burkina Faso da Togo, kaset ɗin Abijan da na Kwango yakan riga mu isa, idan ba ka da sabuwar waƙa za a yi maka ihu. A Makango masunta Ewe suna son kiɗa mai sauri. Ko'ina kuwa muka je, sanarwa da Hausa ake yi, domin ita ce harshen da Gwanja da Dagwamba da Kusasi da Mosi da Bisa suke haɗuwa a kai.

Darasin da ya fi kowanne a Yendi muka same shi. Kowa ya san Yendi garin kiɗa ne, ga makaɗan lunga na fadar Ya-Na, ga kiɗan simpa na samari wanda ya taso tun shekarun 1930. Muna tsakiyar wasa, fili ya cika, sai janareto ya yi tari, wuta ta hau ta sauka, fis ɗin amfilifaya ya ƙone. Jita ta yi shiru, makirufo ya yi shiru, fitilu suka mutu. Mutanen da suka biya kuɗin ƙofa suka fara gunaguni, kuma duk ɗan ban ya san abin da ke biyo bayan gunaguni. Ganguna ne kaɗai ba sa bukatar wuta. Mai ganga bai tsaya ba. Mai bas ya ajiye jita ya ɗauki ƙararrawar ƙarfe, yana buga abin da ya kamata yatsunsa su yi. Cikin duhu sai muka ji lunga ta amsa daga bayan fili, mata suka ɗauki tafi, rawa ta ci gaba har aka naɗa siririyar waya a madadin fis. Kada wani ya kwaikwayi wannan dabara, domin ita ta kashe amfilifayar bayan 'yan watanni.

Da aka tashi, sai muka nemi mai lungar. Tsoho ne, Hausarsa tsaf. Muka durƙusa muka gode. Ya ce, "'Ya'yana, hannunku yana da kyau, amma kuna gudu. Idan jama'a suka yi ihu sai ku bi su. Mai riƙon kiɗa ba ya bin masu rawa, su ke bin sa." Ya ce a wurinsu ma lunga tana magana tana kirari, amma gungon, wato babbar gangar, ita ke shimfiɗa ƙasar da ake takawa. Tun daga ranar muka daina kallon jama'a, muka koma sauraron juna. Mai bas yakan tsaya inda zai ga ƙafar mai ganga, har ya zama ba sai mun yi magana ba.

Abin da ya wargaza mu ba talauci ba ne. A cikinmu akwai Bagwanje mawaƙi, da Badagwambe mai jita, da ɗan Konkomba mai busa ƙaho, da mu biyu 'yan Zongo. Kwano ɗaya muke ci, tabarma ɗaya muke kwana a bayan lori. Da yaƙin Fabrairu 1994 ya ɓarke, ya taɓa ƙasar Bimbila da Yendi da Salaga, aka sa dokar ta-ɓaci, hanyoyi suka rufe. Mai ƙahonmu ya tafi da dare, ya bar ƙahon a ɗakinmu. Ko da ƙura ta lafa, garuruwan da muke wasa ba su shigu gare shi ba na tsawon lokaci, kuma ba mu sake hawa dandali mu 7 ba. Daga baya Yendi ta shiga baƙin ciki na 2002, wanda bai warware ba sai da aka naɗa sabon Ya-Na a 2019. Bawku ma ta sha dokar hana fita sau da yawa. Duk inda aka sa wannan doka, makaɗi ne farkon wanda abincinsa yake yankewa. Sai kuma ga fiyano mai ɗauke da bas da ganguna a cikinsa, mutum ɗaya ya danna maɓalli ya yi aikin mu biyu. Aka ce idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ɗayanmu ya koma gyaran rediyo, ɗayan ya koma sayar da busasshen kifi.

To, ga amsarmu ga yaron nan. E, mu 'yan rakiya ne, waƙar wani muke kaɗawa, a bayan wani muke tsayawa, ba a taɓa liƙa mana kuɗi a goshi ba. Amma ranar da wuta ta mutu, mu muka riƙe filin. Kuma idan ka duba, ai zaman Zongo ke nan. Kakanninmu sun zo ƙasar wasu, suka koyi harshen masu gari da al'adarsu, suka zauna da kowa ba tare da sun zubar da nasu ba. Wanda zai kaɗa wa Bagwanje da Bakusashe da Ba'ewe a dare ɗaya, dole ya iya sauraro kafin ya buga.

Roƙonmu ga iyaye da sarakunan Zongo shi ne a duba wannan al'amari da idon basira. 'Ya'yan maƙwabtanmu suna koyon jita da ganguna kyauta a coci, namu kuwa masu sha'awa sai a ɓoye, kuma abin da aka koya a ɓoye shi ke kai yaro wurin da ba a so. Arewa ba ta rasa abin alfahari ba: Uppers International na Bolgatanga sun yi suna a shekarun 1970, King Ayisoba kuma ya kai kologo mai tsirkiya 2 har Turai. Ba mu ce kowane yaro ya bar makaranta ya kama sanda ba. Cewa muka yi wanda Allah ya ba kunne, a bar shi ya koya da rana, a gaban manya.

Babbar gangarmu tana nan a ɗaki, fatarta ta bushe amma kwarangwal ɗinta lafiya lau. Jitar ma tana rataye, tsirkiya 3 suka rage. Ƙahon abokinmu yana cikin akwati, mun naɗe shi da zane, muna jiran mai shi ko ɗansa. Duk yaron da iyayensa suka yarda, ya zo bayan la'asar, ba ma karɓar ko kwabo. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan iyayenmu, ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.