Suwidin, Inda Ido Ke Rubutu

A Danderyd, arewa kaɗan da birnin Istokholm, akwai kamfanin Tobii, wanda wasu 'yan Suwidin uku suka kafa a 2001. Aikin da suka sa a gaba shi ne koya wa kyamara ta gane inda mutum yake kallo. Na je ƙasar da sanyin hunturu, kuma a cikin duk abin da na gani babu wanda ya tsaya mini a rai kamar wannan.

Na'urarsu siririya ce, ana maƙala ta a ƙasan allon kwamfuta. Tana fitar da wani haske da ido ba ya gani, hasken ya daki saman ido ya bar ɗan ɗigon ƙyalli. Idan ka juya ido, ƙwayar idon ta gusa, ɗigon kuwa kusan yana nan inda yake. Tazarar da ke tsakaninsu ita kwamfuta ke aunawa, sau da dama a daƙiƙa guda. Kafin a fara sai an yi saiti. Da aka zaunar da ni a gaban na'urar, wani ɗigo ya riƙa yawo a kusurwoyin allon ina bin sa da ido, domin idon kowa da irin ginin da Allah ya yi masa.

Dalilin da ya sa dabarar ke ci shi ne, gurbin da muke gani tar da shi ƙanƙane ne, bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba idan ka miƙe hannu. Dole ido ya yi ta tsalle, kamar sau uku a daƙiƙa. Alfred Yarbus na Tarayyar Sobiyat ya nazarci wannan tsallen tun shekarun 1950, amma shi sai da ya manna ɗan madubi a kan idon mutum. Yau ba a taɓa ka ko kaɗan.

A wata cibiyar kula da nakasassu na ga amfanin abin ido da ido. Wani dattijo ne a keken guragu, yana fama da cutar ALS, irin wadda ta kama Stephen Hawking. Hannu ya mutu, harshe ya yi nauyi, hankali kuwa garau. Sai ya tsayar da ido a kan harafi a allon na'urar na ɗan lokaci, harafin ya shiga, ya matsa zuwa na gaba. Matarsa na gefe riƙe da kofin shayi, ba ta ƙarasa masa kalma ko ɗaya ba, ta bar shi ya kai ƙarshe da kansa. Can sai murya ta fito daga na'urar tana yi mini barka da zuwa, tana tambayar ko sanyi bai dame ni ba. Wallahi sai da idona ya ciko.

Har motoci abin ya shiga: a Gotenbag, kamfanin Smart Eye yana ƙera kyamarar da ke lura da direba idan gyangyaɗi ya kama shi. Amma ni tsarin ƙasar ya fi burge ni. Na'urar dattijon tana da tsada, ba kuma shi ya saya ba. Ma'aikaciyar lafiya ce ta duba shi ta rubuta cewa yana buƙata, hukumar lafiya ta yankinsu ta ba shi aro daga kuɗin haraji, in ta lalace su ne masu gyara.