Gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da korona ta hana

A ranar 8 ga Maris, 2021, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta soke gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da aka shirya yi a Maroko, saura kwana biyar a fara. Dalili shi ne annobar korona da takunkuman tafiye-tafiye da ta haddasa. Tun a Disambar 2020 FIFA ta riga ta soke ta duniya da za a yi a Peru. Najeriya, wadda ta ɗauki kofin duniya na wannan rukuni sau biyar, na cikin ƙasashen da suka samu gurbi.

Asarar irin wannan gasa ta fi ta manya ciwo, domin shekaru ba sa jira. Yaron da aka haifa a 2004 ya wuce ƙa'ida kafin zagayowar 2023, damarsa ta ƙarshe ce kuma ta tafi. A wannan mataki ne duniya ta fara ganin Nwankwo Kanu a 1993 da Victor Osimhen a 2015.

Asarar ta kai har ga masu kallo. A Gozaki ta ƙaramar hukumar Kafur, Maris lokacin rani ne, an gama girbin masara da dawa, gonaki sun zama fili. Yara kan kafa raga da duwatsu biyu, su yi ta buga ƙwallo ba takalmi har kiran magariba. Da dare sukan taru a gidan kallo, janareto na ruri, kuma wasan sa'anninsu shi ne wanda suka fi ganin kansu a ciki. A 2021 ba a nuna shi ba.