Kotu ta sake ta, coci bai sake ta ba

Jama'a, yau ba ƙorafin sufabaiza ko tsadar shinkafa na zo da shi ba. Wata magana ce ta tsaya min a rai, kuma sai da mai ita ta yarda na rubuta.

Akwai wata baiwar Allah da muke ɗaki ɗaya a hostal ɗin 'yan digiri na biyu a nan Nsukka. Ibo ce, ta ba ni kusan shekara takwas, 'yar Katolika ta gaske. Ina sallar asuba, tana durƙushe a ɗaya gefen da carbinta. Anti nake ce mata, ita kuma Hajiya take kirana, ni da ko jirgi ban taɓa shiga ba.

Akwai wani malamin sakandare da ya daɗe yana nemanta da aure, mutumin kirki. Ranar da ta nuna min takardar da Babbar Kotu ta raba aurenta na farko, shekara uku ke nan, sai na ce: "To Anti, me kike jira? Ai magana ta ƙare." Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce: "Hajiya, kotu ce ta sake ni. Coci bai sake ni ba."

Ni da na tashi na san saki da idda, in ta yi tsami a je gaban alƙali a yi hul'i, wallahi ban gane ba. Sai da muka kai ƙarfe ɗayan dare tana warware min.

Ashe ranar bikinta igiya biyu aka ɗaura mata a zama guda. Fada ya ɗaura ta addini, sa hannun da suka yi a rajista kuma ya mai da auren na dokar ƙasa. Ta dokar, Babbar Kotu ce kaɗai ke iya kwance ta, a ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, kuma dalili ɗaya take karɓa: auren ya lalace ba gyara. Ita hujjarta shekara uku cur ba sa tare. Ko bayan hukunci sai da ta jira wata uku kafin ya tabbata.

Igiyar coci kuwa ba ta da saki kwata-kwata. In Kiristoci biyu masu baftisma suka yi aure ingantacce, suka kuma sadu, mutuwa ce kawai ke raba su, ko Fafaroma bai isa ba. Abin da mutane ke kira sakin Katolika wani abu ne daban. Kotun coci ba ta tambayar ko auren ya mutu, tambayarta ita ce: a ranar bikin, aure ya ma ƙullu kuwa? An yi wa wani dole ko barazana? An yaudare shi kan wani babban abu? Ɗayansu ya shiga da niyyar ba zai haihu ba, ko ba zai tsaya ga mutum ɗaya ba? Duka da cin amanar da suka biyo baya ba sa isa su kaɗai, sai dai su zama manuniya kan yadda zukata suke tun farko. Har wani jami'i ake ajiyewa wanda aikinsa shi ne kare auren, ya zaƙulo duk abin da ke nuna ya inganta. A 2015 Fafaroma Francis ya rage wahalar. Da sai kotunan coci biyu sun yi hukunci iri ɗaya, yanzu ɗaya ta wadatar in ba a ɗaukaka ƙara ba.

Kuma takarda ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya. Da ta coci kaɗai ta samu ta sake aure, a idon doka auren kan aure ta yi, laifin da sashe na 370 na kundin laifuffuka na Kudu ya yanka wa shekara bakwai. Yanzu da ta kotu kaɗai ke hannunta, tana iya zuwa rajista gobe ba mai ce mata uffan, amma daga ranar ba za ta ƙara karɓar jibin Ubangiji ba, wato gurasar da suke layin karɓa a ibada. Ta ce min gara ta tsufa ita kaɗai. Na yarda da ita, don na ga yadda take fitowa ranar Lahadi.

A kwamfutata muka buga bayaninta, tana faɗa ina rubutawa. Shekararta 22 ta yi ciki. Mahaifinta mai koyar da addini ne a cocin ƙauyensu, ya ce ko ta auri yaron kafin cikin ya fito, ko ta nemi wani uban. Ta yi kuka har a motar amarya. Ni da nake ɗauka auren dole namu ne mu kaɗai, sai na ji yatsuna sun tsaya a kan madannai.

Abin da ya fi cin ta tun farko 'yarta ce, wadda ke aji uku a ƙaramar sakandare. In aka ce ba a taɓa aure ba, yarinyar ta zama me? Dokar cocin ta 1983 ta amsa wannan a lamba ta 1137: ɗan da aka haifa cikin auren da aka ɗauka sahihi ne, ɗan halak ne ko da an rushe auren daga baya. Sau biyu ta sa na karanta mata.

Ban ɓoye mata ra'ayina ba. Na ce ni abin ya yi min nauyi, mace ta sha wuya shekara bakwai a gidan miji, sannan sai ta tabbatar ba a yi auren ba kafin ta samu mafita. Ta ce ita kuma nan ne ta samu sauƙi, don tun ranar farko ta san ba ta yarda ba, kawai ba wanda ya taɓa tambayarta.

Matsalar yanzu shaida ce. Mahaifin ya rasu. Wadda ta ji maganar nan da kunnenta mutum ɗaya ce, mahaifiyarta, kuma dole ta zauna gaban fada ta ce eh, tilasta mata muka yi. Karon farko da Anti ta ɗago zancen, tsohuwar cewa ta yi: "So kike in tona wa mijina asiri yana kabari?" Ta kashe waya.

Ranar Juma'a Anti ta hau mota zuwa ƙauye da takardun a jaka. Jiya da daddare ta kira ni. Tsohuwa ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Ta dai tambaya wace rana fadan ke zama, kuma ko za a bar ta ta yi magana da Ibo.