DAGA HUNKUYI ZUWA OMDURMAN: YADDA MUKA KOYI KOYARWA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, kwanakin baya mun je gida Hunkuyi, hedkwatar ƙaramar hukumar Kudan, daidai lokacin da ake saran rake, ana loda shi a manyan motoci. Muna zaune a zaure bayan sallar la'asar sai wani Alhaji mai fataucin mazarƙwaila ya zo da ɗansa, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina so in aika yaron nan ƙasar Larabawa ya yi karatu, ya dawo ya riƙe mana Islamiyyar unguwa. Me ka gani?" Muka sa albarka, sa'an nan muka ba shi labarin abin da ya same mu a ƙasar Sudan. Shi ne muka ga ya kamata mu maimaita a wannan fili, domin mun san akwai iyaye da yawa, 'yan kasuwa da ma'aikata, masu irin wannan niyya.

Zuwa Sudan neman sanin koyarwa tsohuwar hanya ce ga mutanen Arewa. Malaman Sudan ne suka fara koyarwa a makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda ta koma Makarantar Ilmin Larabci a 1947. A 1954 kuma marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi da marigayi Malam Haliru Binji da waɗansu 'yan'uwansu suka tafi kwalejin horon malamai ta Bakhtur-Ruda, kusa da garin Duwaim a bakin Farin Nilu. Mu kuwa sai a 1994 muka bi sawunsu, muka hau jirgin sama a Kano zuwa Khartum, muka shiga sashen tarbiyya na Jami'ar Afirka ta Duniya.

Zaman ba mai sauƙi ba ne. Idan bazara ta yi zafi yakan wuce awo 40, ga wata guguwar ƙura da suke kira habub, wadda takan rufe gari har rana ta yi ja. Karin kumallonsu sai hantsi ya dubi ludayi, kuma kusan kullum dafaffen wake ne mai suna ful da burodi. Akwai kisra, wadda ake toyawa da ƙullun dawa, ta fi sinasir siranta, da asida, watau tuwonsu. A waɗannan shekaru kuɗin ƙasar yana ta faɗuwa, abin da ka saya yau ba haka za ka same shi ba wata mai zuwa. Ba wayar hannu, wasiƙa takan yi makonni a hanya, guzuri daga gida kuwa sai an sami mai zuwa a ba shi saƙo.

A ƙarshen 1996 aka tura mu gwajin koyarwa, wanda suke kira tarbiyya amaliyya, a wata makarantar firamare ta maza a Omdurman, birnin da ƙubbar Mahadi take. Kullum da asuba sai mu shiga bas, mu sake wata a tsakiyar Khartum, mu haye gadar Farin Nilu kusa da inda ya gamu da Shuɗin Nilu. Aka ba mu aji shida, nahawu da Alƙur'ani, yara wajen saba'in, huɗu huɗu a benci.

Mun shiga ajin nan da ƙarfin zuciya, domin mun karanci Ajurumiyya da Alfiyya a zaurukan Zariya tun kafin mu bar gida. Amma muna ɗaukar alli muka rubuta layi ɗaya sai aji ya kece da dariya. Ashe hannu ya koma ga rubutun allon da ya saba da shi, mun sa ɗigon fa'un a ƙasa, ƙaf kuma mun ba shi ɗigo ɗaya a sama, yadda ake yi a rubutun Magariba. Su kuwa fa ɗigo ɗaya ne a sama, ƙaf biyu. Da muka zo karatun Alƙur'ani harshe ya zame zuwa ruwayar Warshu, alhali littafin makarantarsu na Hafsu ne, sai ga ƙaramin yaro ya ɗaga hannu yana gyara mana Fatiha.

Babbar wahalar kuma ita ce harshe. Mu Larabcin littafi muke yi, muna cika i'irabin kowace kalma, su kuwa yara da Larabcin gida suke magana. Ruwa moya ne, mutum zol ne, idan za su ce mene ne sai su ce shinu. Suna jin mu kamar mai huɗuba, mu kuma in sun yi tambaya ba mu gane rabinta ba.

A mako na uku mai duba ɗalibai ya zo, dattijo ne mai farin rawani, ya zauna a bayan aji da littafinsa. Darasin ranar mubtada'i ne da habari. Muka kawo ta'arifi, muka jero sharuɗɗa, muka ambaci saɓanin malaman Basra da na Kufa, muna jin daɗin kanmu. Da aka buga ƙararrawa ya kira mu gindin bishiyar darbejiya, ya ce, "Ya ustaz, yara nawa ne a ajinka?" Muka faɗa masa. Ya ce, "Mutum nawa ka san sunansu?" Muka yi shiru. Ya ce nahawunmu ba abin gyara, amma yau mu kaɗai muka ƙaru da shi, kuma in ya dawo ya tarar da haka ba zai sa mana hannu ba. Rashin sa hannunsa kuwa maimaita shekara ne, ga guzuri ya ƙare, ga mahaifinmu ya riga ya jinginar da rabin fadamarsa don karatun nan.

Allah cikin ikonsa, mafita ta zo daga inda ba mu zata ba. Rannan muna share allo muka yi ƙorafi da Hausa a hankali, sai wani yaro ya ce, "Sannu, Malam." Kakanninsa Kanawa ne da suka taso a ƙafa za su aikin hajji, suka zauna a Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Muka mai da yaron nan malaminmu. Kullum lokacin tara yakan koya mana kalmomi goma na Larabcin gida, mu rubuta. Da dare mu haddace sunayen yara benci benci, yadda muke haddace baitoci.

Azumi ya kama a Janairun 1997, cikin sanyi. Mutanen Sudan suna da wata kyakkyawar al'ada, kowane gida yakan fito da abincinsa titi a shimfiɗa tabarmi, su tare duk mai wucewa sai ya sha ruwa tare da su. A kan waɗannan tabarmi muka san iyayen ɗalibanmu, muka san mai tura amalanken ruwa da mai gidan burodi. Da dattijon ya dawo, misalanmu duka daga unguwar suka fito, burodi mai zafi ne, kogi cike yake, jaki gajiyayye ne, yara suna rige-rigen nuna mubtada'i. Ya sa hannu bai ce kome ba, sai da zai tafi ya riƙe hannunmu ya yi mana addu'a.

Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ran 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa karatu a birnin, har aka kwaso ɗalibanmu ta iyakar Masar da ta Port Sudan a watan Mayu na shekarar. Allah ya zaunar da ƙasar lafiya, domin tana da hakki a kanmu.

Abin da muka gaya wa Alhaji shi ne, kafin yaron ya tafi ko'ina, a bar shi ya yi shekara guda yana taimaka wa malaman Islamiyya a nan Hunkuyi, ya san nauyin alli. In ya tafi a tanadar masa guzuri na sosai, a riƙa tambayarsa abin da yake ci, kamar yadda ake tambayarsa abin da ya karanta. In kuma ya dawo kada ya tsaya gaban 'ya'yan manoman rake yana zuba musu Larabcin jami'a, ya sauko ya yi musu bayani da Hausar da suke ji, gama an umurce mu da yi wa mutane magana gwargwadon hankalinsu.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya jiƙan malamanmu na gida da na waje, amin. Wassalamu alaikum.